Tikitin Sagiyar da Ban Hau Ba

Ranar uku ga Sallar Layya, shekarar da nake aji uku a firamare, da hantsi, ina tsaye a cikin layi a gindin sagiya, mutum biyar ne kawai a gabana, tikitina a damƙe a hannu har gumi ya fara jiƙa shi. Sagiya sunan tsohon abin ban ruwa ne da shanu suke juyawa a bakin kogi, shi aka ara aka laƙaba wa wannan ƙaton lilon ƙarfe mai kujeru goma sha biyu, wanda yake ɗaga mutum sama ya juyo da shi ƙasa. Tana tsaye a tsakiyar Jinena, wato lambun wasan yara da ke garin da muke cin kasuwa, a kan hanyar Kamlin, a nan ƙasar Sudan. Fentinta ya koɗe, injinta sai ya yi tari sau uku kafin ya tashi, kuma duk juyi ɗaya sai ta yi wani kuka da ake jiyowa tun daga tashar mota. Duk da haka a ƙauyukan Hausawa na gefenmu babu yaron da bai san kujerunta ɗaya bayan ɗaya ba, ya san wadda take lilo da yawa, ya san wadda sarƙarta take tsinke wa mutum riga. A jikin ƙarfen ƙofar shiga an ja wani jan layi, duk yaron da kansa bai kai shi ba, ko ya yi kukan jini ba zai hau ba. Sallah uku ina zuwa ina jingina da wannan ƙarfe, ina ɗage, ana kora ta. Ranar nan na jingina, mai tsaron ƙofa ya dafa kaina ya danne gashina da aka kitse da tudu, ya duba, ya ce in wuce.

Ina cikin lissafa kujerar da za ta faɗo a kaina sai wata mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo har tsakiyar lambun, wani mutum mai farar jallabiya yana tsaye a bayanta da abin magana a hannu. Da Larabci ya yi jawabinsa. Ya ce daga gobe za a rufe Jinena domin siyana, wato gyara, kuma kafin Sallah mai zuwa za a buɗe ta sabuwa fil, da jirgin ƙasa na yara, da tafki mai kwale-kwale, da sagiyar da ta ninka wannan tsawo, mai fitilu kala-kala. Sai ya ƙara da cewa duk wanda ya sayi tikiti yau bai yi amfani da shi ba, ya adana, shi ne zai fara hawa sabuwar ranar buɗewa. Mutum biyu suka warware wani ƙaton ƙyalle mai zanen abin da za a gina. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin zanen nan, da shuɗin ruwansa da yaran da aka zana suna dariya. Nan take layi ya fara watsewa, yara suka yi dafifi a tagar sayar da tikiti. Yayana Sidi, wanda a lokacin yana da shekara goma sha huɗu kuma ya hau sagiya ya fi sau ashirin, ya fizgo hannuna yana haki. Ya ce, "Ke mahaukaciya ta? Ki ɓata tikitinki ga wagga tsohuwa mai tari? Aje shi!" Kuɗin barka da sallata na tikiti ɗaya ne, shi ma ya sani. Na kalli tsohuwar sagiya, na kalli ta jikin ƙyalle, na fita daga layi.

A guje na nufi bakin ƙofa don in kai wa Habboba labari. Habboba ita ce kakarmu ta wajen uba, haka yaran gefenmu suke kiran kaka da bakin Larabawa. Duk Juma'a da duk ranakun Sallah tana zaune a gindin darbejiyar da ke ƙofar Jinena da faifan gyaɗa da na tasali, 'ya'yan kankana ke nan da ake soyawa da gishiri. Mu ne muke taya ta aikin tun daren jiya, mu ɓare gyaɗa, mu tankaɗe yashin da take suya da shi, mu yage tsofaffin littattafan makaranta mu naɗa su kamar mazurari ta zuba a ciki. Na same ta da wasu mata uku masu shayi da ƙosai, na tsaya ina zuba, ta ce in yi a hankali, me mutumin ya ce za a yi wa wurin? Na ce siyana. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Siya na? To ai ya hwaɗa muku da bakinai. Koma ki hau tun tana tsaye."

Dole in yi bayani ga wanda bai san irin Hausarmu ba. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso, kuma har yau inda mutanen Kano suke cewa "ne", mu "na" muke cewa, "ce" kuma "ta". Don haka kalmar Larabcin nan ta gyara, in ta shiga kunnen tsohuwa irin tamu, abin da take fitarwa shi ne "siya ne", wato an saye wurin. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, ni ce ta ɗaya a darasin Larabci, malamarmu har ɗaga littafina take yi ta nuna wa aji. Sai na gyara tsayuwa, na ɗauko muryar malamar nan sak, na yi wa Habboba darasi a gaban mutane. Na ce siyana Larabci ne, ma'anarta gyara, ba ruwanta da ciniki, kuma ya kamata mutum ya fahimci magana kafin ya fassara ta. Matan nan suka kwashe da dariya, mai ƙosai har da riƙe ciki. Habboba ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta ci gaba da zuba gyaɗa a takarda, ta ce, "To, malama. Ni dai na ce ki hau." Ban hau ba. Na koma ciki na ƙarasa yinin a kan ƙananan lilo na kyauta, ina jin tausayin yaran da suke ɓarnar tikitinsu a kan tsohon ƙarfe.

Da muka koma gida a keken jaki da yamma, matsalar farko ita ce inda zan ajiye tikitin. Gidanmu gidan yawa ne, ɗaki huɗu na ƙasa da rumfa a tsakiya, awaki suna cin duk takardar da suka samu, ƙannena kuma sun fi awakin ɓarna. Na sa shi a littafin lissafi, na fasa. Na tura shi cikin saƙar igiyar gadona, na fasa. A ƙarshe wurin Habboba na koma, ina sunkuyar da kai, don a duk gidan akwatinta ne kawai mai kwaɗo. Na zaci za ta rama, sai kawai ta miƙo hannu ta ce, "In dai ajiya ta, kawo." Ta naɗe shi a leda, ta sa a cikin gwangwanin da take ajiye turarenta, ta kulle. Duk Juma'a sai na ce ta buɗe in gani, ta kuwa buɗe, ba ta taɓa ce mini ta gaji ba.

Watannin farko babu wanda ya kai mu ɗoki. An kewaye Jinena da kwano, an liƙa zanen nan a jiki, kuma duk ranar kasuwa muna neman dalilin bin manya gari don mu leƙa ta ramukan ƙusa. Abin da muke gani tarin yashi ne da wasu buhunan siminti da mutum biyu suna shan shayi a inuwa, amma in muka dawo makaranta sai labari ya kumbura, a ce an ga injiniyoyi, an ga ramin tafki, an ga kan jirgin ƙasa a rufe da tamfol. Sidi shi ne shugaban masu imani. Ya cika bayan littattafansa da zanen sabuwar sagiya, yana lissafa kujerunta, yana rantsuwa cewa daga samanta za a hango har birnin Madani. A bayan gida, kusa da turken jaki, muka haɗa tamu da karan dawa da ƙayar aduwa, muka yi mata kujeru da murafan kwalba, muna ɗora ƙwaro muna juyawa. In an aike mu ɗebo ruwa a tur'a, babbar hanyar ruwan da take shayar da gonaki, sai mu shantake a bakin gada muna gardamar wa zai zauna kusa da wa ranar buɗewa, har sai Inna ta biyo mu da tsumagiya. Kuskuren Habboba kuwa ya zama abin barkwanci a ƙauye. Yara su wuce ta ƙofar gidanmu su ce, "Habboba, siya na ko gyara na?" ta ce musu, "Ku tambayi malama."

Sallah ta zo, kwano bai motsa ba. Aka ce kayan suna kan teku. Wata Sallar ta zo, aka ce sun iso Bur Sudan amma takardu sun riƙe su. Daga nan aka ce injiniyan ya tafi ganin gida bai dawo ba, sai kuma aka ce an sake zane gaba ɗaya saboda na farko ya yi wa garin kaɗan. Duk shekara sai a cire tsohon ƙyalle a liƙa sabo, kuma duk sabon ƙyalle sagiyarsa ta fi ta baya tsawo. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne babu wanda ya san takamaimai wa yake aikin. Mutumin nan mai abin magana ba a sake ganinsa ba. In ka tambayi masu gadi sai su ce su ma ɗauko su aka yi. Wata rana motoci su shigo da bulo, a yi mako ana gini, sannan a yi wata huɗu shiru, sai a zo a rushe abin da aka gina a ce ba a nan ya kamata ba. Kuɗin da aka ce an kashe kuwa kullum ƙaruwa yake a bakin mutane, kowa da nasa adadin, kuma babu wanda ya taɓa ganin takarda.

A rumfar Baba ne na fara jin zargi daga bakin manya. Baba manomi ne, yana da hawasha, wato gonar da ake ba mutum a cikin tsarin noman rani na Jazira, yana shuka auduga da dawa da gyaɗa. Bayan la'asar abokansa sukan taru a sha gahawa, ni nake kai musu garwashi, don haka nakan ji komai. Shi abin da yake ci masa rai shi ne hanyar ruwan gonarsu ta cushe da laka da ciyawa shekara biyu, ana ce musu babu abin yashewa, ga shi ana zuba dukiya a ramin da ko kwaɗo bai shiga ba. Wani ya ce ai otal ake ginawa, zanen yara rufa-rufa ne. Wani ya ce rumbun ajiyar siminti ne, da dare ake kwashewa. Wani dattijo ya ce shi tun da ya ga an sayar wa yara tikitin abin da babu shi ya san da lauje a cikin maganar, don bai taɓa ganin an karɓi kuɗin tuwo kafin a shuka dawa ba. Ni ina tsugune ina hura wuta, raina yana tafasa, ina ce wa kaina tsofaffi ne, ba su san yadda ake manyan ayyuka ba. Matasan ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu har tawaga suka haɗa suka je neman bayani, aka ba su lemo mai sanyi, aka nuna musu wani zanen, suka dawo rabi sun gamsu rabi suna zagin rabin.

A shekara ta huɗu ne wani direban motar haya da yake zuwa Managil ya rantse cewa ya ga sagiyarmu a can gefen, a wani filin wasa na wucin gadi, an shafe ta da koren fenti. Mu mun san an kwance ta tun shekarar farko, amma cewa aka yi tana ɗakin ajiya za a gyara wa ƙananan yara. Sidi ya ce ƙarya ne, har ya kusa dambe da yaron motar. Sai da ya yi mako uku yana tsinkar auduga a gonar maƙwabta, ya tara kuɗin mota, ya tafi don ya ƙaryata direban da idonsa. Ya dawo washegari da azahar, ya zauna a bakin randa ya sha ruwa moɗa biyu. Sai da Inna ta matsa masa sannan ya ce tun kafin ya sauka daga mota ya ji kukanta ya gane ta. Ya biya ya hau, ya nemi kujera ta bakwai, ya kankare fentin da farce, ya ga sunansa da ya taɓa rubutawa da ƙusa. Daga ranar Sidi ya koma shugaban masu zargi, kuma ya fi kowa zafi, kamar yadda duk wanda aka yaudara yana tsaka da kare mayaudarin yake yi. Ya yayyage zane-zanensa ya ba Habboba ta naɗe gyaɗa da su.

Tun daga nan maganar Habboba ta juya a bakin mutane. Da can tsokanarta ake yi da ita, yanzu kuwa ta zama abin da ake faɗa in ana shakkar mutum. In ka kai rediyo wurin mai gyara ya yi wata uku yana ce maka gobe, sai a ce maka, "Hala siya na." In wani ya ari jakinka ya ce zai kai shi a duba masa kofato, sai matarka ta ce, "Bi shi dai, kar ya zama siya na." Har Larabawan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu suka ɗauka, suna faɗa ba tare da sun san daga inda ta fito ba. Habboba ba ta taɓa nuna ta ji daɗin wannan ba. Tun da aka rufe Jinena ta rasa wurin zamanta, ta koma ƙofar makarantarmu inda ciniki bai kai rabin na da ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ni kaɗai na rage a kan bakana. Na ce to, in an sayar da tsohuwar ai don a sayo sabuwa ne, kuma tikitina na sabuwa ne, me ya dame ni? Da bakina kawai nake faɗin haka.

Abin da yake tsorata ni ba zargin mutane ba ne, jikina ne. Jan layin da na sha wuya kafin in kai shi, yanzu na wuce shi da kai da kafaɗa. Na shiga goma sha uku, Inna ta saya mini mayafi ta ce na daina fita da kai a buɗe. Na shiga goma sha huɗu, aka ɗora mini yin kisra, gurasar dawa mai laushi da muke ci kullum, in zauna gaban tanda tun da safe ina shafa ƙullu hayaƙi yana cika mini ido. Wasan carafke da 'yar gala-gala suka koma hannun ƙannena. A ƙauyenmu babu dokar da ta ce budurwa ba ta hawa lilo, amma kowa ya san ba a yi, kuma wadda ta yi za a yi shekara ana maganarta a bakin tur'a. Duk Sallar da ta wuce kwano yana tsaye, sai in ji kamar an ɗebe mini wani abu da ba za a mayar ba. Na daina cewa Habboba ta buɗe gwangwani. Nakan yi addu'a a ɓoye, ina jin kunyar abin da nake roƙo, cewa Allah ya sa a buɗe kafin in yi girman da ko ni kaina zan ji nauyin hawa.

Kusan shekara bakwai aka yi. Ina da goma sha shida aka cire kwano, aka rataya tutoci, mota ta zaga ƙauyuka tana shelar buɗewa ranar biyu ga ƙaramar Sallah. Na ce wa Inna zan raka ƙannena, na karɓi tikitina daga hannun Habboba, na ƙudura a raina ko duk ƙauye za su taru su kalle ni sai na hau. Tun daga tasha na fara ɗaga kai ina neman ta a sama, ban ga komai ba sai tankin ruwa. An sare darbejiyar ƙofa, an shimfiɗa dutse mai sheƙi, an gina ƙaton zauren biki mai gilasai wanda ya cinye fiye da rabin filin, da wurin cin abinci, da wurin ajiye motoci. Can a lungu aka bar wa yara 'yan motocin lantarki da wata 'yar sagiya mai kujeru shida, wadda ko rufin zauren ba ta kai ba. Mutanen ƙauyuka sun cika bakin ƙofa, yawancinsu ba su shiga ba saboda yanzu shiga kanta sai an biya. Suna tsaye suna nuni da baki, wani yana cewa ina tafkin, wani yana cewa ina jirgin, wata mata tana ta maimaita cewa shekara bakwai a kan ɗakin rawa.

Duk da haka na kutsa har gaban mai karɓar tikiti, wani magidanci mai kayan aiki masu maɓallan ƙarfe. Na warware ledar na miƙa masa. Takardar ta yi ja, ƙanshin turaren Habboba yana tashi daga jikinta. Ya juya ta gaba da baya, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, ba da wulaƙanci ba, mamaki ne kawai ya kama shi. Ya ce mini da Larabci, "Ya bitti, 'yata, wannan ba namu ba ne. Masu wannan sun tafi da daɗewa. Mai gidanmu ya sayi wurin nan tun kafin a rufe shi." Na tambaye shi tun kafin a rufe? Ya ce ƙwarai, ai da aka yi shelar rufewa an riga an gama ciniki. Ya miƙo mini takardata, na ce ya bar ta. Na biya wa ƙannena suka shiga, ni kuma na zauna a kan dakalin waje, na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina aji uku. Ba ma rashin sagiyar ne ya fi ƙona ni ba, tunawa da na yi mutum biyar ne kawai a gabana.

Na iske Habboba a tsakar gida da la'asar, tana zaune a bakin gado tana ɓarar gyaɗa da lalube, don a lokacin idonta ya yi rauni. Ta ji tafiyata ta ce, "Kin hau?" Na ce babu ita. Na durƙusa na gaya mata abin da mutumin ya ce, sannan na roƙe ta gafarar abin da na yi mata a gaban mata masu shayi, na ce ashe kuskuren da ta yi ya fi karatuna gaskiya. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Wane kuskure? Na san mi ake nuhi da siyana tun ba a haihi ubanki ba." Ta ce makonni kafin Sallar nan wasu mutane masu fararen kaya sun riƙa zuwa suna auna filin, su tsaya a gabanta su sayi gyaɗa, suna cinikin wurin da Larabci a kan kanta, don a ganinsu tsohuwar Bahaushiya mai faifai ba ta jin komai. Na ce to me ya hana ta faɗa mana a fili? Ta ce wa zai saurari mai gyaɗa, kuma in magana ta koma kunnensu, ranar za su tashe ta daga gindin bishiyar, ga Sallah ba ta ƙare ba. "Shi ya sa na hwaɗa miki da Hausa, na ce ko kin ji." Ta murza ɓawo, sannan ta ce, "Shekara goma sha takwas ina zaune gindin abin nan, ban san mi ake gani can bisa ba. Na tambayi Sidi, ashe shi ruhe ido yake yi. Ke ko na san bakinki, da kin hau da na sha labari."

Habboba ta rasu bayan shekara biyu da wannan zance. Yanzu titin garin kasuwarmu an shafe shi da kwalta, keken jaki ya ba babura masu ƙafa uku hanya, kuma yaran ƙauyenmu sun ga lilon ƙasashen duniya a waya tun kafin su iya tsarki, babu wanda zai yi Sallah uku yana jingina da ƙarfe. Ba na cewa namu zamanin ya fi, mu ma wahalarmu muka sha, amma ina kewar yadda abu guda ɗaya yake isar ƙauye goma zance. Ni kuwa sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na hau sagiya, a Madani, da sunan riƙe ƙaramar 'yata. Ban rufe ido ba ko sau ɗaya. Na ga hanyoyin ruwa sun miƙe sambal a tsakanin gonaki, na ga kogi ya lanƙwasa yana sheƙi, na ga mata a kan rufin gidaje suna shanya, na ga mutane a ƙasa da faifansu ƙanana ƙwarai, kuma duk abin da na gani ina jera shi a raina da Hausa, irin ta gida. Da muka sauko 'yata ta ja hannuna tana roƙo da Larabci a saya mata abin sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa da labari cike da bakina, ina dube-dube. Na makara da shekara ashirin.